Ƙofar da Ba a Gani

Da safe na tsaya gaban allo a Tudun Wada,
alli ya ƙare, saura ɗan guntu.
Na ja da'ira, na ce wa yara,
wannan ƙwayar halitta ce,
ku ɗauke ta kamar gari.

Ga cibiya a tsaka, nan ake ɓoye kundin gado,
abin da ya sa hancinki ya ɗauko na kakarki.
Ga ƙananan murahu da ba a kashe su,
su ke ƙona tuwon daren jiya
ya zama ƙarfin da kuka zo da sauri.

Lantana ta ɗaga hannu daga bencin baya:
"Malama, siririn zanen gefen nan fa?"
Na ce tantani ne, shi ne ganuwar.
Ba irin tamu ta birni ba
da ruwan sama ya lashe, awaki ke hawa.
Wannan ta maiƙo ce, laushi gare ta,
amma kowace ƙofa ta san baƙonta,
ba mai shiga sai bisa tsari.

Iska kan ratsa ba sallama.
Ruwa na bin inda gishiri ya taru.
Wani kayan kuwa sai an ɗauke shi a ka,
an hau tudu da shi, an biya lada.
Suka rubuta, aka kaɗa ƙararrawa,
na kakkaɓe hannu na kama hanya,
na bar zancen a wuri.

Da dare Tasi'u ya fara zawo.
Shekara biyu gare shi, bai iya faɗin inda ke ciwo ba.
Na canza zane sau bakwai.
Idanunsa suka faɗa ciki,
na ja fatar cikinsa, ta tsaya kamar ƙullu,
ya yi kuka, ba hawaye.
Babansa na Kafanchan wurin aiki,
ruwa ake kamar da bakin ƙwarya,
Shika ta yi nisa, ba abin hawa,
ga wuta an ɗauke tun magariba,
kowa ya rufe ƙofa a gari.

Gwaggo Delu ta leƙo da fitila:
"Kar ki ba shi ruwa, 'yar nan, ƙara masa za ki yi."
Ban yi musu ba. Na hura gawayi.
Na tafasa lita guda, na fifita ya huce,
ƙaramin cokali shida, a shafe, na sukari,
rabin guda na gishiri.

Na ɗanɗana. Bai fi hawaye zartsi ba.

Hannuna na rawa, allona ya dawo mini.
Can a hanjin yaron nan akwai wata ƙofa,
in gishiri ya zo shi kaɗai, ba ta kula shi,
sai ya riƙo hannun sukari ta buɗe,
su shige tare, ruwa ya bi sawunsu.
Sau nawa na faɗi haka don jarrabawa?
Yau ga ni durƙushe ina roƙon mai gadi
da ban taɓa gani ba, a cikin sirri.

Cokali ɗaya. Na jira. Cokali ɗaya.
Ya amayar, na ƙirga minti goma,
na sake daga fari.

Gwaggo ta yi shiru tana jan carbi.
Can ta karɓi cokalin, ta ce in huta.

Ladan bai gama kiran farko ba
na ji ɗumi ya ratsa cinyata.
Fitsari! Wallahi ban taɓa murnar jiƙewa haka ba.
Ya buɗe ido, ya nemi nono,
ya ture kofin da ɗan tari.

Gari na wayewa muka nufi asibiti.
Ta Ƙofar Doka mai keke ya bi da mu,
na ɗaga kai na dube ta, kamar yau na san ta.
Ran Litinin, Lantana, zauna a gaba.
Amsar da na ba ki ba ta cika ba,
zan zo da kofi, da cokali,
da ɗan ƙullin gishiri.