Dutsen da Kakana Ya Sa Na Ɗaga

Damina ta sauka a Nanacamilpa,
motoci na ta juye baƙi daga birnin Meziko.
Bana ni ce ja-gabansu.
Ku kashe toci, nake cewa, ku rage murya,
kar wanda ya kunna waya.
Can sai daji ya kama da wuta marar hayaƙi:
makesu, dubu kan dubu,
maza na lilo tsakanin itatuwa,
mata a ciyawa na ƙyafta musu amsa.
Wata baƙuwa ta fashe da kuka.
Wani ya cusa min kuɗi a tafin hannu.

Da asuba na iske kakana Crisóforo
a gonar masara, gwiwa cikin taɓo.
Bai tambayi nawa na samo ba.
Ya ce, Ildefonsa, ɗaga dutsen nan.

Na ɗaga.
Wani baƙin buzuzu ya kwasa a guje,
ƙafafu zaƙo-zaƙo,
baya na sheƙi kamar an shafe shi da mai,
da layi-layi irin kunyoyin gona.
Na kai hannu, ya fesa min wani wari
da wanki biyu bai fitar ba.

Tsoho ya yi dariya har da tari.

Naki, in ji shi, jikinsa laushin ganye,
kai a ɓoye ƙarƙashin malafa.
Yana tashi a hankali
don ya san ɗacinsa ya kashe wa tsuntsu kwaɗayi.
Kwanansa bai wuce mako biyu ba,
ci ma bai dame shi ba,
neman aure kawai, da fitila a gindi.
Nawa kuwa sama ba tasa ba ce.
In dare ya yi sai ya fito da muƙamuƙi a buɗe,
tsutsar da ke yanke min masara
ya bi ta har rami.
Shekara biyu muna gona ɗaya da shi,
ba wanda ya taɓa biyan kuɗin mota don ya gan shi.

Na ce, to wanne ya fi?

Bai amsa ba. Ya tona ƙasa da ɗan yatsa,
ga wata mummunar tsutsa
ta cusa kai cikin katantanwa tana ci.
Makesunki ke nan kafin ya yi suna,
wata da watanni yana aiki irin na nawa.
Mayar da dutsen yadda kika same shi.

Daren nan na ƙara wa baƙi doka ɗaya.
Duk ido na sama, na ce,
ku lura da inda kuke takawa.