Ɗigo Biyu

A Tampere, ƙarfe uku duhu ya sauka.
Tuulikki ta kunna kwamfutar Aarre, mahaifinta,
sati shida da binne shi.

Shi ya koya mata: folda ba akwati ba ce,
rajista ce kawai,
suna a hagu, lamba a dama,
lambar ke nuna makwancin kaya a faifai.

Daga saiwa ta gangara,
bishiya mai tsiro kai ƙasa:
gida, tafki, kifi,
sai hotonta da giɓi a baki.

Gogewa, in ji shi, cire suna ne;
kayan na nan sai an buƙaci gurbin.

A saman kowane jeri, ɗigo ɗaya: nan.
Ɗigo biyu: mahaifi.

Ta danna biyun.
Shayinta ya huce.