Tankaɗen Laka a Southampton

Ƙarfe huɗu, rana ta riga ta tattara komatsanta,
ruwan Disamba na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Ni da rariya a ɗakin bincike, hawa na uku,
ina wanke lakar da aka haƙo daga gindin teku.

Inna ta koya mini tankaɗe saboda tuwo,
ba ta san shekara miliyan hamsin da shida zan tankaɗe ba.

Abin da ya saura a rariyar bai kai tsaba ba,
fari-fari, kamar gishirin da ya zube a tabarma.
Da na ɗora ido a madubi sai ga gari:
ɗaki bisa ɗaki, a murɗe kamar dodon koɗi,
masu gidan sun tafi, ko sallahu ba su bari ba.

Morwenna, mai teburin da ke daura da nawa,
ta ce, "Ƙirga su, Ladidi, bi su daki-daki."
Na ƙirga da bakin jiƙaƙƙen buroshi.
A ƙasa ɗari uku. Sama kaɗan, tamanin.
Sai wani jan layi siriri kamar zanen lalle,
na duba har wuyana ya sage,
ba kowa.

A nan teku ya yi zazzaɓi.
Ruwan tsakiyar duniya ya koma na wankan jego,
su kuwa ba ƙafa, ba fiffike, ba kwalekwale.
Wasu igiyar ruwa ta kai su inda sanyi ya rage,
wasu suka ƙanƙance don su rayu,
wasu suka narke har da gidajensu.
Ba wanda ya yi musu zaman makoki,
mai kukan ma ba a halicce shi ba tukuna.

Jiya Kawu Gambo ya kira daga bakin tafki,
muryarsa na yankewa tana dawowa.
Ya ce komarsa na rataye, ɓera ya fara ci,
wake yake shukawa inda dā yake kama karfasa.
Ya ce, "Wai me kike nema a cikin taɓo?"
Na ce masa ƙidaya nake yi.
Ya yi dariya, kati ya ƙare.

Bayan jan layin sun dawo, Kawu,
amma sai da aka yi jiran da ya fi ƙarfin jikokin jikoki,
kuma ba duka fuskokin dā ba ne.

Na kashe fitila, na rufe su a ƙaramin akwati.
A tashar bas, jiragen ruwa na huci a bayana,
ina ta ƙwaƙule laka daga ƙarƙashin farce,
ta ƙi fita.