Bencin Ranar Talata

A asibitin Gii, bayan ɗakin ƙarin ruwa,
akwai wani benci mai gajeriyar ƙafa.
In mutum ɗaya ya zauna, sai ya karkace.
Sai mun cika shi yake tsayawa daidai.

Mu ne masu jira.
Ba mu da kati, ba a kiran sunanmu,
ba a ɗora mu a sikeli,
ko da yake mu ma mun rame.

Ni Ɗantani, tela daga Aboabo,
shekara ashirin da shida ina ɗinka wa Sahura riga.
Bana sau uku na rage mata ƙugu.
Na ukun da allura na yi, cikin dare,
don kada ƙarar keke ta sa ta ƙirga.

Likita ya ce dajin ya kai ƙashi.
Daji.
Wanda ya raɗa wa cutar nan suna ya san ta:
ka shiga da rana tsaka, ka rasa gabas.

Talatar farko ban ce wa kowa uffan ba.
Wata tsohuwa Batoniya, Mame Sarwa,
mai tumatir a Kejetiya,
ta ga hannuna yana rawa,
ta ɓare lemo, ta miƙo mini rabi.
Hausarta ta ciniki ce, Tonancina na gaisuwa,
amma na gane da ta ce,
“Sha. Naka ciwon ba a ba shi gado.”

Ita ta koya mini juya majinyaci da zani,
ba da hannu ba,
da ba da magani tun zafin bai farka ba.
Fuseini mai turoturo kuwa,
tasa matar ta cika tun watan Rajab,
amma kowace Talata yana ƙofar asibiti.
In na zaro kuɗi sai ya kau da kai,
wai motar ce ta saba da hanya.

A unguwa, matan adashi sun kawo mata kwasa
alhali ba layinta ba ne.
Mai injin niƙa na bayan gidanmu
ba ya tayar da shi sai ya ga na buɗe taga.
Akwai kuma masu leƙowa daga bakin ƙofa,
su bar mana saiwa a leda
da sunan wanda suke zargi.
Na gode musu. Saiwar tana bisa kabad.

Wani dare ta yi ta kira, na yi kamar barci.
Na tashi na shiga banɗaki, na saki famfo,
na ce, ya Rabbi, ko ta wace hanya, a gama.
Da na faɗa wa benci washegari
na jira a ce in tuba.
Ba wanda ya ce.
Mame Sarwa ta dubi yatsun ƙafarta
ta ce, “Ni ma.”

Da na koma gida na dama koko.
Sahura ta kurɓa, ta yamutsa fuska:
“Shekara ashirin da shida kana sha,
ba ka taɓa kallon yadda ake yi ba?”
Muka yi dariya har tari ya tsayar da ita.
Sai ta sa na ɗaura mata ɗankwali
a kan da ba sauran gashi,
ta ce na karkata shi hagu, kamar na ranar Salla.

Yau Talata. Wurin Mame Sarwa babu kowa.
An ce an tafi da mijinta ƙauye shekaranjiya.
Fuseini ya ce Asabar za mu je, zai zuba mai.

Ga wani saurayi can ƙarshen bencin,
riƙe da jakar mace da takalmanta,
bai san inda zai ajiye su ba.
Bencin ya karkace wajensa.
Akwai lemo a aljihuna tun safe.
Bari in matsa.