Ƙafar Wutsiya

Wata goma sha tara ina ƙera shi
a bayan garejina, nan Bilbis, cikin Tawa.
Fukafukai sun miƙe, inji ya yi tari ya kama,
sai wutsiya ta rage bisa bulo biyu
kamar tsoho mai jiran a miƙo masa sanda.

An ce wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.
Ta jirgina taƙi ɗaya ne tsakaninsu,
kuma cikin taƙin nan duk rigimar take.

Tankari mai faci ya kawo tayar baro,
mai iska, mai laushi, yashi ba ya haɗiye ta.
Na ɗora ta a sikelin Tsahara mai albasa:
kilo uku har da ɗoriya.
Kilo uku a hannu ba kaya ba ne,
amma can ƙarshen wutsiya, nesa da kafaɗa,
jaki ne ya hau bayan tsuntsu.
Ga ƙayar aduwa shimfiɗe a filin gwaji,
huda ɗaya, sai gindi ya shiga gaban kai.

Agali maƙeri ya ce, bar ta, zan zuba maka.
Ya narka tsohuwar tukunya da fistan biyu,
ya naɗe da roba tauri, jikka huɗu ba ragi.
Ba ta san faci ba, ba ta gaida ƙaya.
Na ɗaure ta a katako, na ja da babur
hanyar Konni, bayan la'asar.
Kowace tsakuwa ta bi ƙarfe ta iso haƙorina,
da allura ta taɓa arba'in
sai ta hau kaɗa kai, dama, hagu, dama,
kamar mai rantsuwa bai ci bashi ba.
Yara suka biyo ni da dariya har gidan mai.

Kwana shida ban taɓa guduma ba.

Ran na bakwai na shiga ɗakin Gado neman igiya.
Kekensa na nan inda muka jingine shi
tun daminar da muka kai shi makwanci.
Shi ya koya mini walda, yana zaune,
ƙafafunsa a naɗe, bakinsa ba ya hutawa:
rage wuta, kai, ƙarfe ba nama ba ne!
Ƙananan tayoyin gaba na duba.
Shekara tara suna tsakanin gida da masallaci,
sun san kowane rami, sun san kwatar Mayaƙi,
sun san juyawa a ƙofar da ba ta da faɗi.

Na daɗe a tsugune kafin in ɗauko sifana.

A sikeli ba ta cika kilo ba.
Tsahara ta dube ta, ta dube ni, ba ta karɓi ko dala ba.
Na sake mata boris, na ɗaura ta
a ganyen sifirin na tsohuwar fijo,
na gyara kwanciyar ƙusa, na sa sarƙa biyu
don in na taka dama ta ji, ta bi ni dama.
Arba'in, hamsin, hanyar Konni,
ba ta kaɗa kai ba. Gado ma ba ya musu
sai in ya tabbata shi ke da gaskiya.

Ban tashi ba tukuna, takardu na Yamai.
Amma na san tsarin abin:
in gudu ya kai gudu, wutsiya ke fara ɗagawa,
manyan tayoyi na nan suna fama da ƙasa
ita ta riga ta bar ta.

Ɗayar na bar masa a jikin keken.
Ya karkace kaɗan, na sa masa bulo.