Ɗingishi a Valparaíso

Ranar Talata, a kan hawan Cerro Cordillera,
kifi akwati takwas a bayana, ƙanƙara tana zubar da hawaye,
motar ta yi gum! kamar an naushe ta a ciki.
Fitila ruwan ɗorawa ta buɗe ido a gabana.
Na taka totur har ƙasa,
inji ya yi ta kururuwa, tayoyi suka yi kunnen ƙashi,
giya ta maƙale a ta uku, ta rantse ba ta saki.
Muka hau tudun da rarrafe,
har wani kare ya wuce mu, ya waiwayo.

Garejin farko, yaron bai ko sunkuya ba.
"Giyabos ta mutu, Doña Ximena, sai sabuwa."
Ya faɗi kuɗi, gwiwoyina suka yi sanyi:
cinikin wata huɗu ne, har da ƙaya da ɓawo.

Maƙwabciya ta ce in nemi Eleuterio Cárcamo,
can gangare, bayan tashar jiragen ruwa,
inda iska ke barin gishiri a leɓe.
Ya fito yana jan ƙafar hagu.
Bai tambayi abin da aka ce ba.
"Da sanyin safiya take yi, ko sai ta ɗau zafi?
In kin kashe kin tayar, takan saki?"
Na ce takan saki, na ɗan lokaci.
Ya ce, "To, da sauran magana."

Motar yanzu ba ta da sandar awon man giya,
sai ya shige ƙarƙashi, ya sassauta noti,
ya ɗiga man a farar takarda.
Ja ne har yanzu, kamar zoɓo.
Ya shinshina, babu ƙauri.
Ya murza a yatsa, babu ɓurɓushin ƙarfe.
"Wannan ba ta ci kanta ba."

'Yarsa Maite ta soka sikana a ƙasan sitiyari.
P0720.
Na ce, shi ke nan, an kama mai laifi?
Tsohon ya yi dariya har da tari:
"Lamba ba ta nuna ɓarawo,
unguwar da aka yi sata kawai take faɗa."

Muka zaga da ita, Maite ido a kan allo.
Arba'in, arba'in da biyu,
muka faɗa rami, sai sifili,
alhali gidaje na ta wucewa ta taga.
Sansa mai ƙirga gudu ce ke ɗauke numfashi,
kwamfuta ta rasa mai gaya mata inda ake,
ta kama giya guda ta rungume.

"Ba mutuwa ba ce, taka-tsantsan ne," in ji shi.
"Wanda bai ga ƙasa ba, ba ya tsalle."
Ya ɗan bugi gwiwarsa, bai ƙara ba,
ni ma ban tambaya ba.

Suka bi waya kamar masu bin sawu,
taƙi bayan taƙi, da tocila a baki,
har soket ɗin da ke gefen giyabos.
Da aka ɓalle shi, ciki kore shar:
gishirin teku, da ruwan kifina
da ya shekara yana ɗiga ta wata kafa.
Sansar kanta lafiya lau, bakinta aka toshe.

Buroshi, feshi, sabon fil guda biyu, ɗan giris.
Maite ta goge lambar, muka koma tudun.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Na riƙe numfashi a kan shimfiɗar sama.
Huɗu ta shigo shiru, kamar baƙuwa mai kunya.

Na biya kuɗin wuni guda, na miƙa masa kifi biyu.
Ya ɗaga ɗaya, ya duba idonsa, ya shinshina
yadda ya yi wa man giya.
Ya mayar min da shi.
"Wannan kam ya ci kansa.
Ki toshe kafar nan kafin Juma'a."