Abin da Aka Shuka a Gwiwata

Likita ya ce an ɗaure jijiyar
yadda ake ɗaure igiyar guga in ta tsinke.
Na ce to.
Jaka ɗari uku da hamsin na sefa,
kuɗin babur ɗina ke nan, har da hularsa.

Ran Laraba na koma Rumde-Ajiya
da sanduna biyu a hamata,
yara na tseren riƙe min leda.

A dare na tara gwiwar ta fara magana.
Zafin wuƙa na riga na san shi,
wannan kuwa na bangon yamma ne da la'asar.
Tasalla ta ɗora tafinta, ta janye:
"Ai ƙwai zai dahu a nan."
Muka yi dariya.
Ita ta fara yin shiru.

Da asuba bandeji ya koma rawaya,
warin da ya tashi ban san shi a jikina ba.
Duk Garwa na kwana a tsakar gida don zafi,
ni ina roƙon bargo na biyu.

Madam Dudu ta zuƙo ruwan a sirinji,
launin kunun da ya kwana.
Ta ce, "Za mu shuka shi mu ga abin da zai tsiro."
Ɗan manomi ne ni,
ban taɓa jin an shuka mugunya ba.

Kwana uku, ya tsiro.
Sunan da ta karanto ya fi salsalar kakana tsawo.
Wai abin da ido ba ya gani
shi ya kwantar da ni,
ni da sai da 'yan baya uku suka taru
kafin na faɗi a yashin Binuwai.

Suka warware ɗinkina, suka wanke har ƙashi.
Tasalla ta sayar da keken ɗinkinta,
ba ta faɗa min ba,
shirun ɗakin ne ya faɗa min.

Sati shida ina ƙirga ɗigon ruwa,
ɗis,
ɗis,
na san wanda zai makara.

Yau ta lanƙwasu kamar faɗin yatsa huɗu.
Madam Dudu ta tafa.
Ban tambaye ta ƙwallo ba.
Na tambaye ta yaushe goshina zai taɓa ƙasa,
don na gaji da sallah a kan kujera.